Ƙari a Ƙwaƙwalwar Babba da ta Yaro: Fashin Baƙi ga Ɗaliban Likitanci da Masu Jinya

Shin duk ƙarin da ya fito a cikin kai kansa ne, kuma duk wanda aka ce yana da shi sai dai a jira ta Allah? Me ya sa ƙarin da ke kama yaro ɗan shekara shida ya sha bamban da wanda ke kama dattijo ɗan sittin? Tambayar tana tasowa duk lokacin da aka yaɗa hoton mara lafiya a Facebook ko WhatsApp ana neman gudummawar kuɗin aikin kai. Nan take wasu su yanke ƙauna, wasu su ce shafar aljanu ce, wasu su ɗora wa wayar salula laifi. Ita ce kuma ke hana ɗaliban likitanci barci idan jarrabawa ta ƙarato, ko ta digirin likita a Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, ko ta neman ƙwarewa a Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ko USMLE ta Amurka da PLAB ta Birtaniya ga masu niyyar fita waje.

Ɗalibai da yawa suna tunkarar babin nan da hadda zalla: sunan ƙari, kamanninsa a madubin likita, sai a wuce na gaba. Haddar za ta ci maka tambaya biyu ko uku, amma ba ta daɗewa a ka, ba ta kuma tsinana komai ranar da aka shigo maka da yaro mai amai. A ganina babin gaba ɗaya ya tsayu ne a kan abu biyu: shekarun mara lafiya, da gurbin da ƙarin ya zauna. Wanda ya riƙe waɗannan, alamomin cutar da kansu za su fito masa, dogayen sunayen kuma su sami inda za su rataya.

Wanne ne kansa, wanne ne ba kansa ba?

Ƙari tarin ƙwayoyin halitta ne da suka ci gaba da hayayyafa bayan ya kamata su tsaya. A cikin kai iri biyu ne ta fuskar asali. Akwai ɗan gida, wanda ya tsiro daga ƙwaƙwalwar kanta, ko tantanin da ya lulluɓe ta, ko jijiyoyin da suka fito daga gare ta. Akwai kuma baƙo, wanda kansar wani sashen jiki ta turo ta hanyar jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa 'yan gida mataki huɗu. Na mataki na 1 yana girma a hankali, yana da iyaka, idan an cire shi duka galibi an rabu ke nan. Na mataki na 4 yana girma da gudu, yana kutsawa cikin naman ƙwaƙwalwa. Na 2 da na 3 suna tsakiya, wasunsu kuma da tafiyar shekaru sukan rikiɗa su haura.

Sai dai rabon mai kansa da mara kansa, wanda ke aiki lafiya lau ga ƙarin hannu ko na cinya, ba ya wadatarwa a kai. Ƙoƙon kan babba ƙashi ne rufaffe, ba ya buɗewa. Abu uku ne a cikinsa: ƙwaƙwalwa, jini, da ruwan ƙwaƙwalwa. Idan na huɗu ya shigo, dole wani ya matsa. Wannan ita ce ƙa'idar Monro da Kellie da malamai ba sa gajiya da tambaya. Da farko jiki yana rage ruwa da jini ya ba baƙon wuri, shi ya sa ƙari mai tafiyar hawainiya zai iya kai santimita biyar ko shida mai shi bai sani ba. Idan wurin ya ƙare sai matsi ya hau: ciwon kai da ya fi tsanani da asuba, amai, gani biyu-biyu, da kumburin bakin jijiyar gani a bayan ido. Idan aka ga jini ya hau, bugun zuciya ya sauka, numfashi ya rikice, wato alamomi uku na Cushing, to ƙwaƙwalwa ta fara zamewa tana danne tushenta, magana ta zama ta mintoci.

Ke nan ƙarin da ba kansa ba zai iya makantar da mutum ko ya kashe shi saboda inda ya zauna. Wani kuma kansa ne na haƙiƙa, amma ana warkewa daga gare shi.

Sama da ƙasa: inda yaro da babba suka rabu

Ɗauki cikin kai a matsayin gida mai bene. Abin da ya raba sama da ƙasa wani tantani ne mai kauri, tentoriyom. A sama babbar ƙwaƙwalwa take, mai tunani, magana, motsi, gani da hali. A ƙasa, wajen ƙeya, wuri ne matsattse mai ɗauke da ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda ke daidaita tsayuwa da tafiya, da tushen ƙwaƙwalwa mai riƙe da numfashi da bugun zuciya. Mafi yawan ƙarin manya a sama yake. Na yara kuwa, in ban da jarirai, rabi ko fiye a ƙasa yake.

Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne ruwa. Jikin babba yana samar da ruwan ƙwaƙwalwa kusan mililita 500 a kullum, alhali wanda ke ciki a lokaci guda bai wuce 150 ba, wato kullum cikin gudana yake. Daga ramukan da ke cikin ƙwaƙwalwa ta sama, waɗanda ake kiran kowannensu kogo, dole ya bi wata siririyar hanya zuwa kogo na huɗu, wanda ke daidai tsakanin ƙaramar ƙwaƙwalwa da tushe. Ɗan ƙari kaɗan a nan ya isa ya toshe hanya, ruwa ya taru a sama.

Ga yadda hakan ke bayyana a gida. Yaro ɗan shekara shida ya tashi da asuba yana riƙe kai, ya yi amai mai tsartuwa, bayan aman ya ji sauƙi, ya sha kokonsa ya tafi makaranta. Gobe ma haka. A sayo maganin maleriya a kemis, a ƙara da na taifot. Bayan makonni sai a ga yana tafiya yana buɗe ƙafafu yana tangaɗi, rubutunsa a allo ya karkace, yana langaɓar da kai gefe guda, ido ɗaya ya karkata wajen hanci. Babu zazzaɓi a duk tsawon lokacin, kuma wannan rashin zazzaɓin ne ya kamata ya tsayar da mai ba da magani. Jaririn da maɗigarsa ba ta rufe ba shi kansa yana iya buɗewa, don haka abin da za a gani shi ne kai yana girma fiye da ƙima, maɗiga ta tasa, idanu suna kallon ƙasa.

Babba kuwa, tunda nasa a sama yake, alamarsa ta danganta da aikin wurin da aka taɓa. Farfaɗiya ta farko ga ɗan shekara arba'in da biyar wanda bai taɓa yi ba. Raunin hannu da ƙafa da ke ƙaruwa sannu a hankali cikin makonni, saɓanin shanyewar ɓarin jiki da ke zuwa farat ɗaya. Kalmomi su riƙa ɓace masa. Ko kuma, idan ta goshi ne, mutumin da aka sani da kamun kai ya fara ashar, ya daina kula da tsabta, ya bar kasuwarsa ta lalace. Irin wannan ne aka fi jinkirta kawowa, domin iyali sukan fara da tunanin sammu ko taɓin hankali. Addu'a ba ta hana a ɗauki hoton kai, kuma likita mai hankali haka zai faɗa wa iyalin ba tare da ya raina imaninsu ba.

Na manya

Tarkon farko a jarrabawa shi ne tambayar wanne ya fi yawa, domin amsarta uku ce. Idan ana nufin duk ƙarin da ake samu a kan babba, baƙo ne ya fi yawa, mafi akasari daga huhu, sai mama, sai kansar fata mai suna melanoma, ƙoda da hanji. Yakan zo fiye da ɗaya, a zagaye, da kumburi mai yawa a gefensa, a mahaɗar naman ƙwaƙwalwa mai ruwan toka da farinsa inda jijiyoyin jini ke tsukewa. Ko a ƙaramar ƙwaƙwalwa aka ga ƙari ga dattijo, baƙo ake fara zargi. Don haka duba mama da ɗaukar hoton ƙirji suna cikin binciken ƙarin kai, musamman a wajenmu inda mata da yawa ke ɓoye ƙullutun mama sai ya yi nisa.

Idan ana nufin 'yan gida gaba ɗaya, meninjiyoma ce kan gaba. Daga tantanin ƙwaƙwalwa take tsirowa, tana danna ƙwaƙwalwa daga waje ba tare da ta shige ta ba, ta fi kama mata kusan ninki biyu, kuma wajen kashi 80 cikin ɗari mataki na 1 ne. A hoton MRI tana manne da tantanin tana jan wutsiya, a madubi kuma ƙwayoyinta a murɗe suke da ɗigo-ɗigon kalsiyom. Harvey Cushing ne ya sa mata suna a 1922. Ita ce babbar hujjar cewa ƙari a kai ba hukuncin kisa ba ne: ƙarama marar damu akan bar ta ana bibiya, babba a cire, mutum ya koma harkokinsa.

Idan kuwa ana nufin ɗan gida mai kansa, giliyobilastoma ne, mataki na 4, wanda ya fi kama 'yan shekara sittin da wani abu. A hoto yana fitowa da zobe mai kauri marar daidaito, tsakiyarsa matacciya, kuma yakan bi gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu ya tsallaka, siffar da masu jarrabawa ke kwatantawa da malam-buɗe-littafi. Maganin da ake bi har yau ya samo asali ne daga binciken da Roger Stupp ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2005: a cire abin da za a iya cirewa, a yi gashi da hasken na'ura mai kashe ƙwayoyin kansa na mako shida, a haɗa da ƙwayar temozolomaid. Matsakaicin tsawon rai ya tashi daga wata 12.1 zuwa 14.6, masu kai shekara biyu kuma daga kusan kashi 10 zuwa 26 cikin ɗari. Ƙarin wata biyu da rabi, amma an ɗauke shi babban ci gaba, kuma hakan kaɗai ya isa ya nuna nauyin cutar. Ita ta yi ajalin sanatocin Amurka Ted Kennedy a 2009 da John McCain a 2018, duk da irin asibitocin da ke hannunsu. Ina kawo wannan ne saboda iyalan da ke sayar da gida da gona su fita waje da zaton a can akwai waraka. Haƙƙinsu ne a gaya musu gaskiya cikin tausasawa kafin su yanke shawara.

Oligodendirogiliyoma ɗan'uwansa ne mai sauƙin hali: ya fi kama masu matsakaitan shekaru, ta goshi, yakan fara da farfaɗiya, yana da kalsiyom, yana jin magani, kuma akan yi shekaru masu yawa da shi. Shi ne mai ƙwayoyin da ɗalibai ke haddacewa da soyayyen ƙwai.

Shuwanoma tana fitowa a jijiya ta takwas, mai kula da ji da daidaito. Mai ita zai lura kullum yana mayar da waya ɗaya kunnen, ga kuma ƙara a kunnen da ya mutu. Idan ta fito dama da hagu, ciwon gado ne, NF2, a kuromozom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 22. Hemanjiyobilastoma kuwa a ƙaramar ƙwaƙwalwa take, takan sa jini ya yi yawa a gwajin PCV, kuma tana tuna wa likita ya duba ƙoda saboda ciwon gado na von Hippel-Lindau a kuromozom na 3.

Wanda nake son a daɗe a kansa shi ne ƙarin fituwitari, 'yar halittar nan da ke gindin ƙwaƙwalwa tana sarrafa sinadaran jiki. Mafi yawan mai fitar da sinadari shi ne mai furolaktin, sinadarin da ke sa nono kawo ruwa. Mace 'yar shekara ashirin da takwas, al'adarta ta ɗauke, nono yana kawo ruwa, ana ta murnar ciki, gwaji ya nuna babu. Shekaru su shuɗe ba haihuwa, gori ya yi yawa, aure ya fara girgiɗi. Alhali gwajin jini guda zai nuna matsalar, kuma galibi ba a ma buƙatar tiyata: ƙwayar kabagolin ko buromokiriftin tana sa ƙarin ya motse, al'ada ta dawo, a sami ciki. Maza kan zo a makare, domin raunin gaba ba abin da ake saurin faɗa ba ne. Kafin su zo ƙarin ya girma ya danne mahaɗar jijiyoyin gani da ke samansa, ganin gefe-gefe ya tafi a idanu biyu. Mutum yana ganin gabansa tangaram, amma yana buga kafaɗa a ƙofa, in ɗan acaɓa ne ba ya ganin abin da ya fito masa ta gefe. Gwajin wannan ba ya cin ko sisi: ka zauna gabansa, ya rufe ido ɗaya, ka kawo yatsa daga gefe ka tambaye shi yaushe ya gani.

Na yara

Bayan kansar jini, ƙarin ƙwaƙwalwa ne kansar da ta fi yawa a yara. Uku daga cikinsu suna zaune kusa da juna a ƙasa, alamarsu kusan ɗaya, makomarsu daban.

Astirosaitoma mai siraran zaruruwa, wadda ake kira filositik, ita ta fi yawa. Mataki na 1 ce, a gefen ƙaramar ƙwaƙwalwa, jakar ruwa ce da ɗan ƙullutu a bangonta, da zaruruwan Rosenthal a madubi. Idan an cire ta duka, fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran suna rayuwa su girma. Yaron da aka bari ya makance ko ya rasu da wannan saboda jinkiri, asara ce da ke ci mini rai fiye da kowacce a babin nan. Idan ta fito a jijiyar gani ga yaro mai tabo-tabon ruwan ƙasa a fata, a tuna da ciwon gado na NF1 a kuromozom na 17.

Medulobilastoma ita ce mai kansa da ta fi yawa, mataki na 4, a tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa, tana cika kogo na huɗu. Cushing da Percival Bailey suka bayyana ta a 1925. Ƙwayoyinta ƙanana ne shuɗaye a cunkushe, wani lokaci a jere da'ira irin ta Homer Wright. Halinta na bin ruwa ta zubo cikin lakar baya shi ya sa ake ɗaukar hoton gadon baya gaba ɗaya, a kuma gasa kai da laka tare. Yanzu an kasa ta gida huɗu bisa ƙwayoyin gadonta: WNT, SHH, rukuni na 3 da na 4. Na WNT ne mafi kyawun makoma, fiye da kashi 90 suna tsira, rukuni na 3 kuma mafi muni. Akwai farashi: gashi yana taɓa basira da girman yaro, shi ya sa ake guje masa ga 'yan ƙasa da shekara uku.

Efendimoma daga bangon kogo na huɗu take fitowa, ƙwayoyinta suna kewaye jijiyoyin jini, kuma makomar yaro ta dogara ne kan ko an iya cire ta duka. A manya ta fi fitowa a laka.

A sama kuma, kusa da fituwitari, akwai kiraniyofarinjiyoma, daga ragowar jakar Rathke, wadda gaban fituwitari ke tsirowa daga gare ta tun halittar ciki. Yaro ya daina tsawo ƙannensa su wuce shi, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana fitsari da yawa alhali ba ciwon suga, gani yana raguwa. Hoton CT yana nuna kalsiyom da jakar ruwa. Mataki na 1 ce, amma tana manne da wurare masu haɗari, kuma yaro kan rayu a kan magungunan sinadarai bayan aiki. Ƙarin finiyal, wata 'yar halitta a tsakiyar ƙwaƙwalwa, galibi irin da ake kira jaminoma ne, yana hana ido kallon sama, wani irinsa kuma yakan sa yaro namiji balaga tun lokaci bai yi ba.

Mafi ɗaci shi ne giliyoma, wato ƙarin da ya tsiro daga naman ƙwaƙwalwar kanta, irin wadda ke bazuwa a tushen ƙwaƙwalwa, mai canjin ƙwayar gado da ake kira H3 K27. Ba ta ciruwa, gashi yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, yawancin yaran ba sa cika shekara. Ita ta kashe 'yar ɗan sama-jannati Neil Armstrong a 1962 tana da shekara biyu, kafin ya taka wata, kuma har yau canjin da aka samu kaɗan ne.

Abin da ya canja a 2021

Tun rabe-raben Bailey da Cushing na 1926, kamannin ƙari a madubi ne ke ba shi suna. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shigo da gwajin ƙwayoyin gado, a bugu na biyar na 2021 kuma ta ba shi babban matsayi. Yau ba a kiran ƙari giliyobilastoma sai ƙwayar gadonsa mai suna IDH ba ta canja ba. Mai canjin IDH, ko da ya kai mataki na 4, astirosaitoma ne, kuma makomarsa ta fi kyau. Ba a kiran ƙari oligodendirogiliyoma sai an sami canjin IDH tare da ɓacewar sassan kuromozom 1p da 19q. An kuma raba giliyomar manya da ta yara, domin ko sun yi kama a madubi, injin da ke tura su daban ne. Duk ɗalibin da ke karatu da takardun da ya gada daga yayyensa na aji ya duba shekarar da aka rubuta su.

Akwai muhawara a kai. Wasu malamai suna ganin ɓata lokaci ne a cika wa ɗalibi kai da gwajin ƙwayoyin gado irin su IDH da MGMT alhali yawancin ɗakunan gwajinmu ba sa yin su, kuma yaran da ke mutuwa jinkiri ne ke kashe su. Wasu kuma suna cewa likitan da bai san sabon yaren ba, ba zai iya karanta rahoton da mara lafiya ya dawo da shi daga Masar ko Indiya ba, ga shi magani ya fara bin ƙwayoyin gado: a 2024 Amurka ta amince da borasidenib ga giliyoma mataki na 2 mai canjin IDH. Ni ina tare da na biyu, da sharaɗi guda: ɗalibin digirin farko ya san IDH, 1p da 19q, MGMT mai nuna ko temozolomaid zai yi tasiri, da H3 K27, ya tsaya nan. Hukumar ma ta bar ƙofa ga irinmu, ta tanadi alamar NOS ga ƙarin da ba a samu yi wa gwajin ba.

Abin da tambayoyin waje ba sa jaddadawa

Tarin tambayoyin da ɗalibanmu ke bita yawanci an rubuta su ne don marasa lafiyar Amurka da Ingila. A can zobe a hoton kan dattijo giliyobilastoma ne ko baƙo. A nan dole a ƙara lissafi. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma tibi kan yi ƙullutu a ƙwaƙwalwa mai kama da ƙari sak, wanda magani ke narkarwa ba tare da wuƙa ba. Yaro ko saurayin da kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya zai iya tara mugunya a ƙwaƙwalwa. Mai cutar HIV da garkuwarsa ta faɗi, zobba da yawa sun fi nuna ƙwayar cuta mai suna tokzofilasma, shi ya sa akan ba da maganinta na mako biyu a sake hoto. In bai motsa ba sai a yi tunanin limfoma, kansar ƙwayoyin garkuwar jiki.

Abu na biyu shi ne allurar ɗibar ruwan baya. Muna cikin yankin sanƙarau, hannun likitocinmu ya saba da ita ga mai ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya. Amma ƙari a ƙeya ma yana sanƙarar da wuya, kuma ɗibar ruwa daga ƙasa alhali matsi ya taru a sama zai iya janyo ƙwaƙwalwa ta zame nan take. Idan ciwon ya yi makonni, babu zazzaɓi, ga tangaɗi ko raunin gefe guda, a leƙa bayan ido, a nemi hoto tukuna. Na'urar leƙa idon nan da ke kwance a durowa batirinta ya mutu ta fi wasu manyan injina ceton rai a ƙaramin asibiti.

Na uku, maganin deksametazon. Yana sauke kumburin da ke kewaye da ƙari, mara lafiya ya farfaɗo cikin kwana ɗaya ko biyu, iyali su ɗauka an warke. Bai taɓa ƙarin ba. Idan kuma limfoma ce, yana iya ɓatar da ita na ɗan lokaci har a kasa gane ta a gwajin nama.

Tiyatar ƙwaƙwalwa a Najeriya ta fara ne da sashen da Farfesa Latunde Odeku ya kafa a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962. Yau ana yin ta a Sakkwato, Kano, Zariya, Abuja da wasu biranen, amma likitocinta ƙalilan ne ga al'umma fiye da miliyan 200, na'urorin gashi ma haka. Ke nan wanda zai fara ganin mara lafiyar ba ƙwararre ba ne, sabon likita ne ko ma'aikacin lafiya a karkara.

Me ke kawo shi?

A mafi yawan mutane ba a gano dalili. Abin da ya tabbata shi ne haske mai ratsa jiki da yawa a kai, musamman a yarinta: yaran da aka gasa wa kai don maganin makero a Isra'ila daga 1948 zuwa 1960 sun fi sauran samun meninjiyoma bayan shekaru. Sai ciwukan gado, waɗanda kasonsu kaɗan ne. Ba a ɗaukarsa daga wani. Game da waya, a 2011 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyinta a rukunin 2B, wato mai yiwuwa amma hujja ba ta isa ba. Babban nazarin da hukumar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai sami alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba.

Wa ya kamata a tura hoto?

Mafi yawan ciwon kai ba ƙari ba ne, kuma wanda ya shekara goma yana fama da ciwon ɓarin kai iri ɗaya, lafiya lau tsakanin tashi da tashi, da wuya a sami wani abu a hotonsa. Wanda za a tura shi ne mai sabon ciwon kai da ke ƙaruwa mako bayan mako, mai tashe shi daga barci ko mai zuwa da aman asuba. Babban da ya fara farfaɗiya. Yaron da ya yi jijjiga ba zazzaɓi, ko ya fara tangaɗi, ko idonsa ya karkace daga baya. Mai raguwar gani ko jin kunne ɗaya. Da duk mai tarihin kansa da ya fara ciwon kai. MRI ya fi, musamman ga ƙeya inda ƙashi ke dushe hoton CT, amma inda babu shi CT mai allurar rini ya fi zaman jira.

Ga masu jinya kuma: bayan an yi aiki, ku tabbatar an kai naman da aka ciro ɗakin gwaji, kun biya kuɗinsa, kun karɓi sakamakon a rubuce. Iyalai da yawa sukan haɗa kuɗin tiyata da ƙyar, su bar na gwajin, mara lafiya ya koma gida ba wanda ya san ko mataki na 1 aka cire ko na 4. Likitan gashi ba zai iya fara komai ba sai da takardar nan, kuma ga yaro mai medulobilastoma ana son a fara gashin cikin kusan wata guda bayan aiki. Ku haɗa ta da faifan hoton farko da na bayan aiki a jaka ɗaya, ku riƙa zuwa da su duk ranar ganin likita.